Goggo Sabriyya Ta Zo Ganin Teku

A garinmu Iskandariyya, a ƙasar Masar, akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Tana da ƙoƙari a makaranta. Amma tana son kowa ya san ita 'yar birni ce.

Da hutu ya zo, sai suka yi baƙi daga kudu. Goggo Sabriyya ce, yayar babanta, ta taso daga ƙauyensu na Suhaj. Ta zo da 'yarta Intisar, sa'ar yarinyar.

Goggo doguwa ce, mai baƙar riga har ƙasa. In tana magana a ɗaki, na bakin titi ma yana jin ta.

Washegari Baba ya ce, "Ku shirya, yau yawo za mu. Yaya ba ta taɓa ganin teku ba."

Suka hau taragon cikin gari zuwa unguwar Bahari da ke bakin teku, suka taka har tsohuwar ganuwar Kaitbai. Goggo ta tsaya tana kallon ruwa, ta sa hannu a goshi.

Ta ce, "Ƙanena, ina ɗaya gaɓar?"

Baba ya yi dariya. "Wannan ba kogin Nilu ba ne, Yaya. Ba a hango ƙarshensa."

"To, duk wannan ruwa, kuma ba a ban ruwan gona da shi? An yi asara."

Mutanen da ke kusa suka yi murmushi. Yarinyar ta ji kunya ta rufe ta.

Ta ce, "Goggo, ki rage murya mana."

"Muryar da Allah ya ba ni ke nan, 'yata," in ji Goggo, ta shafa kanta.

Daga nan suka tafi kasuwar Manshiyya. Suka shiga wani siririn lungu na masu sayar da kayan mata. Baba ya tsaya a bakin lungun yana shan ruwan rake. Goggo ta ga wani mayafi mai ruwan ganye, ta ce za ta saya wa 'yar ƙanenta. Nan take ta fara ciniki.

Ta ce wa mai shagon, "Ɗan nan, mayafi na tambaya, ban ce ka sayar mini da shagon ba."

Mai shagon ya yi dariya, ya ce, "Hajiya, in na biye miki yau 'ya'yana da yunwa za su kwana."

Yarinyar ta ja baya, ta tsaya can gefe. Sai ta ji an taɓa kafaɗarta. Nadin ce, ƙawarta a aji, ta zo sayayya da mamarta.

Nadin ta ce, "Ashe kina nan. Mu daga nan Bahari za mu, shan askirim bayan la'asar. Wace ce waccan mai ciniki? Na ga kamar tare kuke."

Yarinyar ta dubi rigar Goggo, ta dubi ta maman Nadin.

Ta ce a hankali, "Mai yi mana aikin gida ce."

Nadin ta gyaɗa kai, ta bi mamarta. Da yarinyar ta juya, sai ga Intisar tsaye a bayanta. Ashe ta ji komai.

Da yunwa ta kama su, suka koma Bahari, gidan cin kifi. Baba ya zaɓi kifi daga kan ƙanƙara, aka gasa musu. Aka kawo shinkafa da gurasa da miyar riɗi. Ƙamshi ya cika teburin.

Kowa ya sa hannu, ban da Intisar.

Goggo ta ce, "Ke kuma fa? Tun a hanya kike kukan yunwa."

Intisar ta ce, "Masu aiki ba sa ci tare da masu gida, Inna."

Baba ya ajiye cokali. "Wane ne mai aiki a nan?"

Intisar ta faɗi duk abin da ta ji a kasuwa.

Goggo ta mayar da gurasar da ke hannunta cikin kwando. Wannan karon da ta yi magana, da ƙyar aka ji ta.

"Ba komai, yarinta ce. Ƙanena, gobe ka sa mu a jirgin ƙasa mu koma gida."

Baba ya dubi 'yarsa. Bai ɗaga murya ba.

Ya ce, "Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Baba."

"Kin san ina ƙarami innarmu ta rasu? Wannan matar ce ta goya ni. Ita ta yi mini wanka, ita ta riƙa raka ni makaranta. Da ba ta tsaya mini ba, da ba ki san garin nan ba."

Hawaye suka zubo wa yarinyar. Ta tashi, ta durƙusa kusa da kujerar Goggo.

"Goggo, ki yafe mini. Tsoro na ji kada Nadin ta yi mini dariya."

Goggo ta ɗago ta. "Tashi, kina ɓata rigarki. Na yafe."

Amma Intisar ta kawar da kai.

Baba ya ce, "Kin ba da haƙuri, ya yi kyau. Sai dai ƙaryar tana can wurin ƙawarki. Yaya za ki yi da ita?"

Yarinyar ta goge fuska, ta yi tunani.

Ta ce, "Na san inda take. Zan je in faɗa mata."

Suka ƙarasa cin abinci. Bayan la'asar suka bi bakin teku har wurin mai askirim. Ga Nadin da mamarta zaune a kan dakali.

Yarinyar ta kama hannun Goggo, ta kama na Intisar, ta je gabansu.

"Nadin, ɗazu ƙarya na yi miki. Wannan goggona ce, yayar babana. Ita ta rene shi. Wannan kuma 'yar'uwata ce, Intisar."

Nadin ta yi mamaki. "To, me ya sa kika ɓoye? Ni da na so a ce ta taya mamata ciniki."

Maman Nadin ta miƙe, ta gaishe da Goggo da girmamawa, ta matsa mata wuri. Kafin a kawo askirim, har sun shiga hira.

Goggo ta kai cokali ɗaya baki, ta dafe kumatu.

Ta ce, "Ƙanena, haƙorana sun daskare. Ku mutanen nan da gangan kuke sayen sanyi?"

Kowa ya fashe da dariya. Yarinyar ma ta yi dariya, ba ta damu da masu kallo ba. Ta miƙa wa Intisar nata askirim.

"Ɗanɗana wannan, na mangwaro ne."

Intisar ta karɓa, ta miƙa mata nata. "Nawa na lemo ne. Ungo, amma kada ki shanye."

Goggo ba ta hau jirgi washegari ba. Sai da hutu ya ƙare suka koma Suhaj.

Tun daga ranar yarinyar ta gane abu guda. Danginka naka ne, ko a birni suke ko a ƙauye. Ba su ne abin kunya ba. Abin kunya shi ne ka yi ƙarya don ka ɓoye su.