Gajiyar Rilwanu

Tun safe Munawwara take tsaye a sashen gaggawa na wani asibiti a Birnin Kudu, ko karyawa ba ta yi ba, sai ga wani direban motar Gwaram ya shigo dafe da ƙugu. Rilwanu sunansa.

"Sista, allurar nan mai sa barci za ki yi min. Ita kaɗai ke jin bayana."

Ta duba katinsa. Sau huɗu a wata biyu.

"Likita ya ce ba karaya. An daina yin ta don ciwon baya, jiki sabawa yake. Ga farasitamol da man zafi, ka riƙa gasawa da ruwan ɗumi, kana ɗan tattaki."

"Ashe ba ki da tausayi."

"Ina da shi, Malam. Shi ya sa."

Ya fita yana gunaguni. Bayan sati uku ya dawo, ba kati a hannunsa, sai ledar gwaiba. Daga nan saƙonni suka fara:

"Sistata, yau kwana arba'in ba allura, ba tiramol. Bayan yana ciwo, amma da hankalina nake tuƙi."

Da Rilwanu ya nemi aurenta, mahaifinta Malam Iliyasu, manomi a garin Sara, ya ce sam. "Direba? 'Yan ƙwaya ne. Ga Haladu ɗan maƙwabcina, ƙarfafan yaro."

Da damina ya kira gayyar huɗa, maneman biyu suka zo. Ta tura wa Rilwanu saƙo:

"Direbana, kada ka sha komai don burge Baba. In ka gaji ka zauna, ko da za a hana ka ni."

Da ta kai abinci gona ta ga Haladu yana ta keta ƙasa har azahar, ko ruwa bai nema ba. Rilwanu kuwa in ya ɗan ja garma sai ya tsaya, ya miƙe bayansa, ya koma inuwa. Samari suna ta yi masa dariya. Ta kwashe kwanuka, ta riga ta haƙura.

Da yamma Baba ya kira ta.

"Shekara arba'in ina riƙe da garma, ban ga ɗan Adam ya kai azahar bai nemi inuwa ba, sai in ya haɗiyi wani abu. Wancan da ya gaji, ki ce ya turo magabatansa."

Bayan kaka aka ɗaura aure, Baba ya sa musu albarka.

Yanzu kullum da safe Rilwanu ke kai ta aiki daga Gwaram. Kafin su fita gari barci ya ɗauke ta a kujerar gaba, shi kuma yana kauce wa ramuka a hankali, fasinja na mita. Allah ya bar su tare.