Ranar da Kogi Ya Cika

A wani zamani, a wani ƙauye na bakin kogi, an yi wata mata mai suna Tabita. Ranar sunan jikarta ta ɗora manyan tukwane, domin danginta na ƙetare za su zo. Sai ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, kogi ya cika, kwalekwale ya kasa ƙetarowa.

Mijinta ya ce, "Kashe wutar nan, Tabita. Wa zai ci?"

Amma ta ce, "Maigida, Ubangiji ya san mai ci." Ta ci gaba da tuƙin tuwo.

Maƙwabciyarta ta leƙo ta katanga. "Wa zai ci?"

"Ubangiji ya san mai ci."

Da yamma sai ga faston ƙauyen da wani ayarin matafiya, sun jiƙe sharkaf. Kogi ne ya tare su, yaransu na kukan yunwa.

Tabita ta yi dariya har da hawaye. "Ku shigo! Tun safe nake muku girki, sunayenku ne kawai ban sani ba."

Aka ci aka ƙoshi, aka rera waƙoƙin yabo, jaririya tana yawo daga hannu zuwa hannu.