Akwati na Shida

Dariyarsa ta fara ji kafin ta ga fuskarsa.

Raki na tsaye ne gefen bargonta a babban baje kolin da ake yi a Birmingham duk watan Agusta, inda maɗinka ke rataye quilt, bargon nan da ake haɗawa da ƙananan ƙyallaye, mutane su yi ta zagaye suna kallo. Wata takwas ta yi tana ɗinka nata a ɗan flat ɗinta na unguwar Whalley Range a Manchester. Sai kawai ta ji Hausa raɗau a bayanta, wani na waya yana ƙyaƙyatawa.

"Wallahi Sanda, an cuce ni. Na ga an rubuta fabric, na ɗauka atamfa zan samo wa Inna. Ashe tsummokara Turawa suka rataye, har da biyan kuɗin shiga! Ga wani nan gabana kamar rigar mahaukaci."

Na gaban nasa kuwa nata ne.

Ta juyo ta ƙare masa kallo. Dogo ne siriri, ya rungume jakar laptop kamar za a ƙwace masa, ga takalmin zuwa interview a ƙafa. Ta jira ya kashe wayar tsaf.

"Sannu Malam. Mahaukaciyar na gaishe ka."

Saura kaɗan wayar ta suɓuce masa. "Subhanallahi! Hajiya, ban san..."

"Ba ka san da mai jin Hausa a nan ba, ko aikin ne ba ka sani ba? Me ma kake yi a ƙasar nan?"

"Gidaɗo sunana. PhD nake yi a Manchester, can Oxford Road. A kan siminti."

"Siminti." Ta taɓe baki. "Shekara uku kana kallon siminti yana bushewa, amma kai ne mai raina aikin mutane. Allah ya ba da sa'a."

Wani mai zuciya da tafiyarsa zai yi. Shi kuwa sai ya ce a ci shi tara, ya karɓi jakarta ya dinga binta rumfa-rumfa kamar jela. A rumfunan masu yadi an jera ƙyallaye an ɗaɗɗaure su dami-dami, kowanne bai wuce faɗin ɗankwali ba. Raki takan ɗauki dami ta shafa, ta kai shi wajen haske, sannan ta mayar. A kan wani shuɗi mai duhu ta fi daɗewa, har ta yi ajiyar zuciya.

"Me ya sa ba kya saye?"

"Ina ruwanka?"

Ba ta faɗa masa cewa watan jiya ƙaramar hukuma ta rufe ajin ɗinkin da take koyarwa ba, wai ana tsuke bakin aljihu, yanzu aikin kula da tsofaffi take yi. Bai sake tambaya ba. Ta dai lura yana latsa waya, ta ce a ranta ɗan banza gulmarta yake tura wa abokin nasa.

Mota ɗaya suka hau zuwa Manchester. Kafin su sauka ya samu lambarta da naci, ita kuma ta adana tasa da suna Ɗan Rainin Hankali.

Washegari da safe saƙo ya shigo.

"Barka da asuba Sarauniyar Allura. Mai simintin yana neman afuwa karo na bakwai."

"Ka kai goma sai mu duba."

"Na takwas ke nan. Kin karya kuwa?"

Ta yi tsaki, amma sau uku ta karanta.

Haka abin ya ɗore. Ya koyi sa mata zare a allura, ya koyi yin shiru idan tana awo. Ranar da ya tsaya gaban wani sabon bargonta ya ce, "Wannan kusurwar ba ta haɗu da 'yar'uwarta ba," ta harare shi, ta duba, ta ga gaskiyarsa. A ranar ta sauya masa suna a waya zuwa Dakta.

"Rakiyata," ya rubuto wata rana, "na gaya wa Inna. Ta ce in tambaye ki ko kina shan fura."

"Ka ce mata ina sha, amma ɗanta ne ban gama yanke shawara a kansa ba."

Ƙarya take yi. Ta gama tuntuni, son shi take har cikin ƙashinta.

Matsalar tana unguwar Sparkhill, can Birmingham. Raki marainiya ce, ƙanwar mahaifinta Gwaggo Zinatu ce ta riƙe ta, matar da ta mayar da falonta shagon leshi da atamfa a bayan Stratford Road. A wurin Gwaggo mutane iri biyu ne, masu ɗaura atamfa Super da waɗanda ba a gaisawa da su. Tun Raki na shekara goma sha biyu take tsintar ƙyallaye a wurin tela tana tarawa a leda, har ranar da Gwaggo ta ƙwace ledar ta ce ta zuba a bola, ta kuma raɗa mata suna Raki Mai Tsumma.

"Ɗan makaranta?" in ji Gwaggo da ta ji zancen. "Wanda scholarship ɗinsa ke zuwa wata ɗaya ya tsallake uku? Ga Alhaji Ashafa yana ta sintiri, mutum mai tura motoci gida kwantena-kwantena!"

Ashafa ɗin nan, Allah na tuba, turarensa kan riga shi shiga ɗaki da minti biyar. Sau ɗaya ya ga Raki na ɗinki, ya ce, "Ki bari kawai, zan saya miki duvet, bargon kanti, guda goma ki huta da wannan wahala." Tun daga nan ko gaisuwarsa ciki-ciki take amsawa.

Baffa Rabi'u, yayan Gwaggo kuma waliyyin Raki, direban tasi ne marar yawan magana. Shi ya ce a bar yaro ya fito. Gwaggo ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, "To, mu ga lefe. A nan ake gane ɗan mutunci."

Rahmatu matar Sanda ce ta tsaya wa Gidaɗo. Ta haɗa akwati biyar masu rufin asiri: atamfofi turmi-turmi, leshi, mayafai, takalma da jakunkuna. Na shidan ya ce a bar masa. Da Agusta ta zagayo ya hau mota shi kaɗai ya koma baje kolin nan, ya wuni, ya dawo ya kulle akwatin ya miƙa wa Rahmatu makulli. Ita ma da sakaci ba ta leƙa ba. Kai, namiji! Wa ya taɓa barin mai karatun siminti ya haɗa akwatin lefe?

Ranar Lahadi aka kai kaya Sparkhill. Falon Gwaggo ya cika da mata, irin waɗanda ke juya bakin atamfa su karanta tambari kafin su ce masha Allah. Aka buɗe biyar, aka yi guɗa sama-sama. Gwaggo ta sa makulli a na shida da kanta.

Ƙyallaye ne. Dami-dami, cike fal, babu ko ɗaya da zai zagaye ƙugun yarinya.

Sai wata ta tuntsire da dariya, sauran suka ɗauka. Rahmatu ta rasa inda za ta sa fuskarta.

Raki na wurin aiki a Manchester, tana ba wata tsohuwa shayi, kiran Gwaggo ya shigo.

"Kin ga abin da kika jawo mana? Tsumma ya aiko! A gaban mutane! Ya ji sunanki Mai Tsumma, shi ne ya aiko miki daidai ke. Ranar Asabar za a mayar masa da tarkacensa, aure kuma babu shi, na rantse."

Hoto ya biyo baya. Raki ta ƙura masa ido, sai dariyar nan ta ranar farko ta dawo mata a kunne, rigar mahaukaci. Ta shiga banɗaki ta yi kuka mai isarta. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ta yarda cewa shi kaɗai ne ya daina yi mata dariya.

Ta rubuta masa: "Ashe har yanzu dariya kake. Na gode Malam."

"Wace dariya kuma? Rakiyata ki ɗaga waya."

Ba ta ɗaga ba. Kira ashirin, ba ta ɗaga ba.

"Na ji na yi wauta, Rahmatu ta wanke ni tas. Abu ɗaya nake roƙo. Kafin a mayar, ki buɗe shi da hannunki. In kin gani kin ce in tafi, wallahi zan tafi."

Kwana biyar tana cewa ba za ta je ba. Asabar da sassafe tana cikin motar Birmingham.

Ta tarar an jera akwatunan a bakin ƙofa, Baffa Rabi'u na jiran ya loda a tasi, Gwaggo na tsaye da hannu a ƙugu. Raki ta gaishe su, ta durƙusa ta zuge na shidan.

Na sama shuɗin nan ne mai duhu.

Ta ɗaga shi. Ƙarƙashinsa mai ɗigon ruwan goro, wanda ta ɗauka a rumfa ta biyu bara. Sai mai ganye-ganye. Sai jan da ta shafa sau biyu ta mayar. Duk abin da hannunta ya taɓa a ranar ya ajiye, ga shi nan, a jere yadda ta bi rumfunan. Ashe latse-latsen wayar nan ba gulma ba ce, hoto yake ɗauka.

A can ƙasa akwai wani ƙyalle daban, farin saƙi mai baƙin zane, tsoho, an naɗe shi da takarda da rubutunsa.

"Wannan Inna ce ta aiko daga Gombe. Daga zanen aurenta ta yanko. Shekara arba'in almakashi bai taɓa shi ba. Na gaya mata aikinki, ta ce a ba ki ki haɗa shi da naki."

Hawaye ya ɗiga a kan takardar. Raki ta rufe akwatin ta zauna a kansa.

"Gwaggo, in mayarwa za a yi, a mayar da biyar ɗin can. Wannan shi ne lefena."

"Kin haukace? Me zan gaya wa mutane?"

"Ki ce musu Mai Tsumma ta samu wanda ya san ta."

Gwaggo ta buɗe baki za ta zazzaga, Baffa ya ɗaga mata hannu. Ya karɓi saƙin ya murza a yatsa, ya daɗe yana kallo.

"Zinatu, irin wannan Innarmu take da shi, kin tuna? Duk falonki akwai mai darajarsa? Matar da ta yanka zanen aurenta saboda yarinyar da ba ta taɓa gani ba, ni ba zan mayar mata da kaya ba." Ya zura makullin tasi a aljihu. "A shigar da akwatunan nan ciki."

Gwaggo ta yi ƙwafa ta shige kicin, tukwane suka sha wahala ranar.

Raki ta fito da waya.

"Dakta, kai fa wawa ne."

"Na amsa. In tafi?"

"Ka kuskura."

An ɗaura aure a Nuwamba. Ashafa ya aiko da uzuri wai kwantenarsa ta maƙale, ba wanda ya tambaye shi. Matan falon nan duk sun zo jere a Whalley Range, ba don Allah ba, don su ga abin da tsumma ya zama. Suka tarar da shi shimfiɗe a gadon amarya, shuɗi ya zagaye, farin saƙin Inna a tsakiya. Wadda ta fara dariya ranar lefe ita ce ta ja Raki gefe tana tambaya ko tana karɓar order. Raki ta ce layi ya yi tsawo.

Gwaggo ce ta shigo ƙarshe. Gidajen unguwar nan sanyi gare su kamar firji, ta zauna a bakin gado ta ja gefen bargon ta rufe gwiwoyinta.

"Tsumma dai tsumma ne," ta ce. "Amma da ɗumi."

Sai ta janyo wata tsohuwar leda daga cikin jakarta ta dangwarar a cinyar Raki, tana kallon bango.

"Ungo tarkacenki. Sun cika min wardrobe."

Raki ta buɗe. Ƙyallayenta ne na shekara goma sha biyu, an wanke, an goge, an ninke su ɗaya bayan ɗaya. Ta faɗa jikin Gwaggo tana kuka, Gwaggo na cewa, "Ke dalla za ki ɓata min leshi," amma ba ta sake ta ba.

Da aka shigo da ango, Gwaggo ta dube shi sama da ƙasa yadda Raki ta taɓa yi masa.

"Kai mai siminti. Ga ta nan, amana. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya kawo zuri'a ɗayyiba, ya sa kada ɗaya a cikinsu ya gado hankalinka wajen haɗa lefe."

Ɗaki ya ɗauki amin da guɗa. Gidaɗo ya saci kallon amaryarsa yana dariya, a karon nan ita ma ta taya shi.