Minti Arba'in da Biyar a Ɗakin Saba

Ƙarfe takwas da kwata na safe aka kira ofishin 'yan sanda daga babban asibiti. Wai masu kutse sun shiga kwamfutar ma'ajiyar jini sun share komai.

Sufeto ya so ya tura wani. Shi da kwamfuta sai gaisuwa daga nesa, ko wayarsa 'yarsa ce ke saita masa. Amma muryar matar da ta kira ce ta sa ya ɗauki hularsa. Ba ta yi ihu ba. Cewa kawai ta yi, "In za ku zo, ku zo yanzu. Akwai mutum a kan gado."

Likita, shugabar ma'ajiyar jinin, ta tarbe shi da Saje a bakin ƙofa. Ko kujera ba ta nuna musu ba, ta buɗe firij ta fito da ledojin jini guda biyu. Kowace da lambarta, kowace da koren sitika.

"Kore na nufin an gwada, lafiya lau," in ji ta. "Amma ƙarfe biyar da rabi na asuba injin gwaji ya turo min saƙo a waya cewa ɗaya daga cikin biyun nan tana ɗauke da ciwon hanta. Saƙon rukunin jini kawai yake faɗi, ba ya faɗin lamba. Lambar tana cikin saba."

"Mece ce saba?"

"Babbar kwamfutar da ke riƙe duk bayananmu. Na iso ƙarfe bakwai na tarar da ita wayam."

"To a zubar da duka biyun mana."

Likita ta nuna sama da yatsa.

"Ƙarfe bakwai da rabi aka kawo wani mai walda, ƙarfe ya faɗo masa a cinya. Rukunin jininsa ba kasafai ake samu ba, ledojin nan biyu ne kaɗai irinsa a wajenmu. Na kira asibitoci huɗu, babu. 'Yan uwansa uku sun miƙa hannu, bai zo ɗaya ba. Sake gwaji a wani wuri awa shida ne. 'Yan tiyata sun ce in ya kai sha biyu, to da ƙyar."

"In sha biyun ta yi fa?"

"Zan rufe ido in ɗauki ɗaya."

Sufeto ya dubi agogonsa. Tara saura minti biyar.

A baranda wata mata ta tare shi, mayafinta duk jinin da ya bushe. Yayar mai waldan ce.

"Yallabai, ga jini can na gani da idona. Me suke jira? Ƙanena ne, ni na goya shi."

Ya wuce.

Ɗakin saba ƙarami ne, babu taga, sanyinsa har cikin haƙori. Wayoyi a ɗaure tsaf, kowace da 'yar takarda mai lamba. A gaban wani baƙin allo wani dattijo mai furfura yake zaune, ya haɗa tagumi. Shi ne Injiniya, mai kula da sabar shekara goma sha ɗaya.

A kan allon an rubuta layi ɗaya: MUN SHIGA. MUN SHARE.

"Ba su nemi komai ba?" Sufeto ya tambaya.

"Ko allura, yallabai."

"Ɓarawon da ya fasa gida don ya yi sallama kawai. Ba ku da kwafi?"

"Faifai biyu, suna jone da ita. Har su aka share." Injiniya ya girgiza kai. "Sabata Linux ce. Shekara goma sha ɗaya ko tari ba ta taɓa yi ba. In an shigo, ta wajen Dogo aka shigo, mai gyaran kwamfutocin tebur. Shi da Windows ɗinsa, komai danna nan, danna can. Je ka ɗaga kibod ɗin kowa a asibitin nan, za ka ga kalmar sirri a manne da salatif. Na yi magana har bakina ya bushe."

"Ƙarfe nawa ka zo yau?"

"Bakwai da kwata. Likita ce ta kira ni."

Saje ya shigo da takarda daga ofishin masu gadi. Ƙofar ɗakin da kati ake buɗe ta, kuma tana rubuta shiga da fita.

"Oga, katin Dogo. Shiga shida da minti biyar, fita bakwai saura minti goma."

Injiniya ya sauke ajiyar zuciya. "Kai, yaron nan."

Sun sami Dogo a wani lungu cike da gawarwakin firinta. Tsayinsa ya kusa taɓo fanka, amma da ya ga kaki sai ya koma kamar kazar da ruwa ya doka.

"Ina katinka?"

"Yana jikina, yallabai. Ba ya rabuwa da ni."

"Fito da shi."

Ya laluba aljihun gaba, na baya, har cikin safa. Gumi ya karyo masa.

"To... gaskiya a kan ƙusar bayan ƙofar nan nake rataye shi. Igiyar tana cin wuyana."

"Wa ya sani?"

"Kowa."

Saje ya yi tsaki. "Kai ne mai tsaron kwamfuta, ko kai ne ƙofar da aka manta a buɗe?"

"Injiniya ya ce ta kwamfutocinka masu kutse suka bi," in ji Sufeto.

Nan take tsoron Dogo ya koma fushi.

"Baba ya faɗi haka? Ta ina? Sabarsa ko gaisawa da intanet ba ta yi! Da hannunsa ya zare wayar tun kafin a ɗauke ni aiki, kullum da ita yake mana gori. Wai kwamfutar da ba ta fita yawo ba ta kwaso cuta. Ni nawa kowa ya iya, har mai shara. Nasa kuwa baƙin allo ne da rubutu kamar tururuwa sun bi ta kai. Na sha faɗa, ranar da Baba ya kwanta ciwo, asibitin nan ma ya kwanta."

"Kai za ka iya share ta?"

"Ni? Ko kunna ta ban iya ba."

Sufeto ya rubuta abu ɗaya a littafinsa. Goma saura minti ashirin.

A ɗakin gwaji wata matashiya ce ke goge teburin da ya riga ya yi fes. Ita ce ke manna sitika. Auta ake kiranta.

"Yaushe kika manna kore a ledojin nan biyu?"

"Bayan sakamako ya fito, yallabai. Haka doka ta ce."

"Sakamako ya fito biyar da rabi na asuba. Kina nan?"

Ta ci gaba da goga tsumma a kan teburin.

"Masu gadi sun ce kin tashi huɗu na yamma jiya, yau kuma kin zo takwas saura. Aljani kika aiko ya manna?"

Tsumman ya faɗi daga hannunta.

"Jini yana yawa, ni kaɗai ce. Kusan duka lafiya suke fitowa. Sai in manna kafin in tafi, in an sami wadda ta faɗi, da safe in cire."

"Wacce ce ta faɗi yau?"

"Wallahi ban sani ba! Da na sani da tuni na faɗa. Tun ɗazu nake jin kukan matar can."

"Saƙon asuba, wayoyin su wa yake shiga?"

"Ta Likita, da tawa. Da ta Yaya."

"Wane yaya?"

"Injiniya. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Shi ya riƙe ni, shi ya samo min aikin nan."

Sufeto ya fito baranda. Wata nas ta sauko a guje ta raɗa wa Likita magana, fuskar Likita ta sauya.

"Jininsa na ƙara sauka," in ji ta. "Ba zai kai sha biyu ba. Sha ɗaya."

Sufeto ya san wanda ya yi, amma sanin ba zai ƙara wa mai walda ko ɗigo ba. In an share, an share. Kama mutum ba zai dawo da lamba ba.

Ya sake duba takardar ƙofa. Shida da biyar. Bakwai saura goma. Ya koma lungun Dogo da sauri.

"Wanda ya iya, minti nawa zai ɗauka ya share sabar nan da faifanta biyu?"

"Wanda ya iya? Layi ɗaya ne. Minti biyu ya yi yawa."

"To me mutum zai zauna yi minti arba'in da biyar a cikin sanyin can?"

Idon Dogo ya fito.

"Kwafi," ya ce a hankali. "Kwafin sabar gaba ɗaya minti arba'in yake ci. Na sha tsayawa a kansa ina hamma."

"Wanda ya zo sharewa, me zai kai shi yin kwafi?"

"Yallabai, ba ka san Baba ba. Ko waƙafi zai canza sai ya yi kwafi tukuna. Ya taɓa hana ni shiga ɗakin wata guda don na goge hoton biki ba tare da na ajiye wani ba. Ya ce mai kula da saba da ya share abu babu kwafi, mahauci ne ba injiniya ba. Hannunsa ba zai iya ba. Ko ya so."

Hali zanen dutse. Sufeto bai jira ƙarshen maganar ba.

Injiniya na nan inda suka bar shi. Sufeto ya rufe ƙofa, ya zazzage kwandon shara a ƙasa. Takardu, guntun waya, da ledar sabon faifai, an yanke bakinta da almakashi a miƙe.

"Masu kutsen nan akwai tsafta," in ji Sufeto.

"Tsohuwar leda ce."

"Ana kwashe shara kowace yamma. Sabarka ba ta da hanyar waje. Dogo bai iya ta ba, kuma saƙon asuba ba ya zuwa wayarsa. Ina faifan?"

"Ban san abin da kake nufi ba."

"Baba." Sufeto ya jawo kujera ya zauna dab da shi, ya rage murya. "Saura minti talatin da biyar. In Likita ta ɗauki wadda ba ita ba, kai ka zuba masa ciwon da hannunka. In ta tsaya jira ya mutu, kai ne. Yanzu laifinka share bayanai. Ƙarfe sha ɗaya zai koma kisan kai, kuma ba kai kaɗai ba. Sunan wa ke kan sitikar?"

Fankokin sabar na ta kuka. Daga baranda muryar yayar mai walda ta ratso ƙofa, tana kiran sunan Allah.

"Na zaci zubar da su za a yi," in ji Injiniya da ƙyar. "Duka biyun. Leda biyu ce kawai. Ina na san za a kawo mutum da safen nan?"

"Don leda biyu ka share aikin shekara goma sha ɗaya?"

"In aka buɗe bincike za a ga lokutan da take manna sitika. Za a koma baya." Ya rufe fuska da tafukansa. "Watan jiya ma an yi. Ba ta cire da wuri ba, ledar ta fita. Na ga saƙon kafin ya tafi wayar Likita, na tare shi. Na yau ne ya kuɓuce min. Tana da shekara shida uwarmu ta rasu, yallabai. Ni ne uwarta."

"Faifan."

Injiniya ya tashi kamar wanda ya shekara a kwance. Ya durƙusa, ya ɗaga wani murfi a ƙasa inda wayoyi ke bi, ya zaro faifai a naɗe cikin hankici. Har ya manna masa takarda da kwanan watan yau.

Saje ya fito da ankwa. Sufeto ya ɗaga masa hannu.

"Bari ya gama."

Faifan a kulle yake da kalmar sirri mai tsawon gaske. Injiniya ya jona shi da sabar. Ya buga, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi.

"Sau uku take yarda," in ji Dogo daga bakin ƙofa. "Daga nan ta kulle awa guda."

Ba wanda ya yi motsi. Likita na tsaye da leda a kowane hannu. Injiniya ya goge tafinsa a wando, ya lumshe ido, ya buga harafi ɗaya bayan ɗaya.

Rubutu ya cika allon.

"Mai ƙarewa da bakwai ɗaya huɗu," ya karanta. "Ita ce ta faɗi."

Likita ta duba ta hagu, ta duba ta dama, ta sa nas ta sake karantawa da ƙarfi. Sannan ta miƙa mata ɗayar. Nas ta kwasa a guje, yayar mai walda ta bi ta ba takalmi a ƙafa ɗaya.

Saje ya ɗaura wa Injiniya ankwa. A baranda Auta na tsugune jikin bango, wata 'yar sanda a kanta.

"Yaya, ka yafe ni."

"Tashi, Auta," ya ce, bai dube ta ba. "Mu je."

Sufeto ya leƙa ɗakin saba don ya yi wa Likita sallama. Ba ta ji shi ba. Ta ja shafin baya zuwa watan jiya, ta tsaya a kan wani layi. Lambar leda, kalmar "ta faɗi", a gefe kuma ɗakin haihuwa, gado na tara, an sallame ta da jaririnta.

Akwai lambar waya a ƙarshen layin. Likita ta daɗe tana kallonta kafin ta fara dannawa.