Sara na Biyu a Maƙerar Wal

Ranar Alhamis, 12 ga watan Yuni, 2008, garin Creswick ya tashi da raɓa daskararriya a kan ciyawa, hazon sanyi kuma ya kwanta a kwari ya ƙi ɗagawa. Glenda Marchetti tana kankare gilashin motarta sai 'yarta Tegan ta leƙo ta tagar ɗaki, lulluɓe da bargo.

"Mama, yau fa za ki karɓo mini kwalkwalin."

"Kin faɗa jiya. Kin faɗa shekaranjiya."

"Jibi ne gasar. In na sake shiga fili da tsohon kwalkwalin nan na Baz mai kama da tukunya, kaina zai yi wari har shekara ta zagayo."

"Sai ki wanke kan," in ji Glenda, ta shiga mota.

A ranakun aiki Glenda ma'aikaciyar kantin magani ce. A ƙarshen mako kuwa ita ce alƙaliyar fili a ƙungiyarsu, mutanen da kan sa sulke da kwalkwali irin na mayaƙan Turai na da, su yi ta saran juna da dakusassun takubba har sai numfashi ya ƙare, sannan su zauna cin gasasshen nama suna nuna wa juna tabo. Ita ba ta faɗa. Sanda take riƙewa, ta tsaya a gefe. In ta ce a tsaya, kowa ya daskare inda yake ke nan, ko da takobinsa na sama, kuma ba mai motsi sai ta ce a ci gaba. Wannan ita ce dokar da ake fara koya wa sabon shiga tun kafin a ba shi garkuwa.

Gasar jibi ita ce ta farko da Tegan za ta yi da manya, masu saran gaske. Shi ya sa Glenda ta nace sai maƙerin ƙungiyar, Wal Duggan, ya ƙera mata kwalkwali, don ba ta yarda da kan 'yarta a cikin ƙarfen kowa ba sai nasa. Wal ya gama aikin, amma bai miƙa shi ba. Watan jiya zuciyarsa ta tsaya yana tsaka da shan shayi.

Da ta tashi daga aiki ta kama hanyar gonarsu. Rana ta riga ta sauka bayan itatuwan turare, titin ƙasan ya jiƙe, hayaƙin murhun gidaje yana bin ƙasa maimakon ya tashi sama. Noeleen, matar marigayin, ta tare ta a ƙofar kicin da rigar sanyin mijinta a jikinta.

"Shigo ki sha shayi, ƙawata. Na yi burodi, ba mai ci."

"Bari in ɗauko kayan tukuna, kafin duhu."

"Yana kan tebur a maƙera, na rufe shi da tsumma. Biyu ya yi daga falle ɗaya na ƙarfe. Ɗayan na wani mutum ne a Launceston, na ɗansa. Shi kam na tura masa ta gidan waya bayan jana'iza." Ta kalli rumfar da ke can ƙarshen fili, ta kau da kai. "Na sa an yanke wutar lantarkin wurin. Ba zan raka ki ba. Da safe nake zuwa can."

"Baz ya zo?"

"Ya ce zai biyo ya kwashe gawayi. Kin san Baz, in ya ce yau, sai a sa ido wani mako."

Glenda ta yi murmushi, don duk ƙungiyarsu an san halin Baz, ta nufi rumfar ta cikin ciyawa. Sanyi na shiga takalminta.

Ta san maƙerar nan kamar ɗakinta, ta kuma san al'adar mai ita. Wal bai taɓa miƙa wa mutum kwalkwali hannu da hannu ba. Sai ya sa shi a kansa, ya durƙusa a kan wani tsohon kafet kusa da uwar maƙera, mai kayan ya ɗauki takobi ya sare shi iya ƙarfinsa. Sannan a juya: mai kayan ya sa, ya durƙusa, Wal ya rama. "Na farko don ka san ban cuce ka ba," yakan ce, "na biyu don in san ban ƙera wa matsoraci ba." Duk 'yan ƙungiyar sun bi ta kan kafet ɗin nan. Kwalkwali biyu ne kaɗai suka rage ba a gwada ba.

Ƙofar kwanon ta yi ƙara da ta tura ta. Ciki warin toka mai sanyi ne, da na man da ake tsoma ƙarfe mai zafi. Hasken da ya rage na shigowa ta taga ɗaya mai datti. Guduma da awartaki na rataye a layinsu.

Tsumman na kan tebur. Babu komai a ƙarƙashinsa.

Ta juya.

A kan kafet akwai mutum durƙushe, ya ba ta baya. Yana sanye da lifidi, sabon kwalkwalin na kansa, hannayensa a kan cinyoyinsa. An jingine takobin gwaji a jikin uwar maƙera, ƙotar tana fuskantarta.

Ta ja da baya, sannan ta tuna da Baz. Ta saki numfashi.

"Baz, kai dai ba ka girma. Da na sume fa?"

Bai amsa ba.

"Ina ka ɓoye motar? Noeleen na can tana cewa ba ka zo ba."

Ya ɗan sunkuyar da kai, yadda ake yi in ana jiran sara.

Sai abin ya taɓa ta. Ta ga cewa Baz, duk da shirmensa, ya tuna abin da ita ta manta: bai kamata kayan Wal su bar ɗakin nan ba tare da an yi musu abin da ya saba ba. Ta ajiye jakarta.

"To. Saboda tsoho. Amma in ka ji jiri kada ka ce ni ce."

Ta ɗauki takobin da hannu biyu. Ba ta saba ba, ya yi mata nauyi. Ta ɗaga, ta sauke shi a gefen hagu na kwalkwalin.

Ta ji sara iri-iri a shekarun da ta yi tsaye a gefen fili. Ƙarfe mai kyau amsawa yake kamar ƙararrawa, amon ya daɗe. Wannan bai amsa ba. Wani ɗan sauti ya yi, siriri, kamar an taka ƙanƙara a kan kududdufi.

Wanda aka sara bai ko girgiza ba.

"Baz," ta ce a hankali. "Ka ji abin da na ji?"

A can nesa, a bakin titi, mota ta shigo gonar. Ta san kukan injin nan. Tsohuwar akori-kurar Baz ce, mai tari kafin ta mutu. Ta ji an buga ƙofa. Ta ji muryarsa yana gaida Noeleen, yana tambayar ko akwai burodi.

Takobin ya zame daga hannunta.

Mai durƙuson ya ɗaga hannayensa ya kama kwalkwalin. Yatsun baƙi ne, kamar gawayin da aka kashe da ruwa. Ya zare shi a hankali. Ba ta ga gashi ba, ba ta ga ƙeya ba. Hular lifidin da ake sawa a ciki ce kawai, tsaye a kan duhu.

Ya miƙe. Gwiwarsa ba ta yi ƙarar da ta Wal kan yi ba.

"Alƙaliya," ya ce.

Muryar Wal ce. Haka yake kiranta. Amma babu numfashi a cikinta, kamar iska na fita daga zugazugi.

"Yanzu ke."

Ba ta san lokacin da ta kai ƙasa ba, sai ji ta yi kafet na ƙarƙashin gwiwarta.

"Wal," ta ce. "Ya tsage. Ka ji shi."

"Yanzu ke."

Nan ta gane. Wal ya taɓa jefa aikin wata guda cikin juji saboda ƙusa ɗaya ta yi masa ƙarar da bai so ba. Da shi ne, da tuni ya zagi ƙarfen, ya zagi kansa, ya ce ta koma gida. Wannan wani abu ne daban, daga cikin abubuwan da kan so toka da duhu da wurin da mai shi ya bari. Ya daɗe a kusurwa yana kallo. Ya koyi muryar, ya koyi al'adar. Bai koyi dalilinta ba.

Kwalkwalin ya sauko a kanta.

Sanyi. Warin mai. Numfashinta na dawo mata a fuska.

Yatsun suka ɗaure maɗaurin a ƙarƙashin haɓarta, suka ja shi tam.

Ta cikin 'yar tsagar ido ba ta ganin komai sai ƙafar tebur. Amma a sama, daidai gefen goshinta na hagu, akwai wani layin haske siriri kamar gashi, inda bai kamata haske ya shigo ba.

Nan kan Tegan zai kasance jibi.

Ta ji ƙarfe na jan ƙasa. An ɗauki takobin.

Taku. Ya koma gefen hagunta.

Lifidi ya yi motsi. Hannu na ɗagawa.

Ba tunani ta yi ba. Bakinta ne ya yi abin da ya saba yi duk lokacin da ta ga maɗauri ya tsinke ko wani ya faɗi ba daidai ba.

"Tsaya!"

Muryar ta daki ƙarfen ta dawo mata cikin kunne.

Saran bai sauko ba.

Ta jira. Babu motsi. Ta juya kai kaɗan. Ta ga ƙafafunsa a buɗe, ta ga gefen takobin a sama, tsaye cak, bai fi tsawon hannu daga kanta ba.

Ya koyi wannan ma.

Ta ja gwiwa ɗaya baya. Ta ja ɗayar. Ta rarrafa da baya, idonta a kan takobin, har dugaduganta suka taɓa bakin ƙofa.

"Alƙaliya," muryar ta ce, ƙasa-ƙasa. "Ki ce a ci gaba."

Ta fita da gudu.

Ta faɗi a ciyawa, ta tashi, ta sake faɗuwa. Baz ne ya fara ganinta daga matakalar kicin, da burodi a hannu.

"Au, Glenda, ke ma kin shiga gasar? Wa zai riƙe mana sanda?"

Da ta matso cikin haske ya ga yadda take fizgar maɗaurin da hannu biyu, sai ya ajiye burodin. Maɗaurin ya ƙi kwancewa. Noeleen ce ta yanke shi da almakashin kicin. Ba ta tambayi komai ba, ta dai kalli rumfar, ta rufe ƙofa, ta sa sakata.

Washegari Glenda ta sa Baz ya ɗora kabewa a kan kututture a bayan gidanta, ya kifa mata kwalkwalin, ya sare shi sau ɗaya. Ƙarfen ya buɗe daga goshi zuwa kunne. Takobin ya nutse cikin kabewar. Tegan na tsaye da kofin shayi. Ta kalli kabewar, sannan ta ce a hankali, "Baz, ka kawo mini tukunyar taka."

Ranar gasar Glenda ta shiga fili da sandarta kamar kullum. A karon farko garkuwar wani ta kuɓuce, ta ce a tsaya, kowa ya tsaya. Aka gyara. Mayaƙa biyu da 'yan kallo suka zuba mata ido suna jira. Ta buɗe baki, sai ta ji warin toka mai sanyi. Ta tuna akwai wanda ke jiran kalmar nan tun ranar Alhamis, kuma ba ta san iyakar inda kunnensa ke kaiwa ba. Ta miƙa wa wani sandar, ta fita. Ba ta sake karɓarta ba. Ko a kantin magani, in mai saye ya yi shiru a tsakiyar bayani, ba ta cewa ya ci gaba, sai dai ta gyaɗa masa kai.

Saura kwalkwalin Launceston, wanda ya fito daga falle ɗaya da na Tegan. Noeleen ba ta da lambar wayar mutumin, adireshin da ta rubuta a kan kwali kawai ta samo mata. Glenda ta rubuta wasiƙa a daren, ta yaga. Ta sake rubutawa, ta ajiye a jaka, ta yi ta yawo da ita. In ta faɗi rabin zancen, ta ɓata sunan Wal a wurin baƙo, shi kuwa ba ya nan balle ya kare kansa. In ta faɗi duka, mutumin zai ce mahaukaciya ce ya jefa takardar a wuta.

Wata safiya ta tarar da Tegan a kicin tana shafa wa ƙulun da ta samo a goshi ƙanƙara, tana dariya ita kaɗai. Glenda ta tsaya tana kallon goshin. Ta ɗauko sabuwar takarda.

Ta rubuta cewa kada ɗansa ya sa kwalkwalin, ƙarfen ya tsage tun a wuta, ya gwada shi a kan kabewa in yana shakka. Ta sa sunanta da lambarta. Ta daɗe riƙe da biro, sannan ta ƙara a ƙasa: in wata rana da yamma suka tarar da wani durƙushe da shi a kansa, kada kowa ya kai saran farko.

A kan hanyarta ta zuwa aiki ta tsaya a jan akwatin gidan waya. Ta tura ambulan ta cikin tsagar, ta jira har ta ji ta faɗa ƙasa.