Takalmi a Ƙofar Murhu

Da la'asar sakaliya Ya'ƙub ya sauka daga mikrobas, ƙaramar motar haya, a bayan garin Helwan, da tef ɗin awo a aljihu. Lokacin dokar hana fita ne, a 2013, kowa a Alƙahira yana tafiya yana satar kallon rana. Abu ɗaya ya rage masa a binciken digirinsa na injiniya: awon cikin murhun wani tsohon kan jirgin ƙasa mai tururi. Niyyarsa ya gama, ya koma masaukinsa a unguwar Hayyin Ashir kafin sojoji su tare hanya.

Layin dogon gajere ne, siriri, daga inda ake fasa farin dutse zuwa bakin Nilu. Kamfanin ya mutu tuntuni. Magada sun sayar wa 'yan gwangwan sauran injunan, ɗaya ya rage a wata rumfar kwano. Makullin yana hannun Injiniya Hamad, Bahaushen Sudan da ya tsufa a aikin jirgi a Atbara.

"Dube shi da kyau," in ji Hamad, yana shafa tsatsar. "Tankunan ruwansa a haƙarƙari suke, ba ya jan komai nasa a baya. Layin ba shi da wurin juyawa, sai ya je da goshi, ya dawo da ƙeya. Ƙafafun nan ƙanana ba don gudu aka yi su ba, don jan dutse a hawa ne."

"Na karanta, Baba."

"Ka karanta. Tamam. To cire takalmi."

"Masallaci ne?"

"Ƙa'idar aiki ce, ya waladi, ɗana. Mai shiga murhu yana barin takalminsa a bakin ƙofa. Mai hura wuta ba ya leƙawa, ciki duhu ne. Takalmi yake dubawa. In ya gani, da mutum. In bai gani ba, ya kunna."

"Rabon da a hura wutar nan ai ban zo duniya ba."

"Ni ma haka aka gaya min. Cire."

Aka kira magariba daga nesa. Hamad ya nufi famfon bakin get don yin alwala.

Ya'ƙub ba mai musu da manya ba ne, ya cire. Sai dai tun shekararsa ta farko a Masar, ranar da ya dawo daga masallaci da safa kawai, hannunsa ya koyi wani abu ba da shawararsa ba. In ya cire takalmi, sai ya haɗa tafinsu ya soke a hammata. Haka ya yi. Ya zura kai ta ƙofar murhun, wadda kaɗan ta fi faifai, ya ja siririn jikinsa ciki.

Wurin ba ya ɗaukar tsayuwa. Bangon jan ƙarfe ne, sanyi ƙalau, cike da kawunan ƙusoshi. A gabansa bakunan bututu jere kamar saƙar zuma. A ƙarƙashinsa sandunan ƙarfe, da ramin toka a ƙasansu. Ya ajiye takalman gefe, ya kunna fitilar waya, ya ja tef.

Sai ya ji shebur.

Karr. A hankali, a kan daɓen ƙarfen da ke waje.

"Baba Hamad?"

Sai warin kananzir.

Wani guntun itace ya shigo ta ƙofar, ya faɗi kusa da gwiwarsa. Wani ya biyo. Busassu ne, an faskara su da kyau, aikin wanda ya san aikinsa.

Muryoyi biyu ne a waje, ƙasa-ƙasa, cikin Larabcin tsofaffi. Babu fushi a cikinsu. Muryoyin masu son su gama su tafi gida ne.

"Da mutum a ciki?"

"Babu takalmi."

"To kunna."

Ya'ƙub ya yi ihu. Ya yi da Larabci, ya yi da Hausa, ya buga bango da waya har fitilar ta mutu. Muryarsa ta zagaya jan ƙarfen ta dawo masa. A waje ba wanda ya ko dakata. Ya miƙa kai zai fita, bakin shebur ya tura shi baya da wani sabon itacen, yadda ake tura abin da ya tokare hanya.

Ƙyas. Ashana.

A hasken ya ga hannun da ke riƙe da ita. Baƙi ne da kwal har gwiwar hannu. Daga nan babu komai.

Ya lalubo takalmi ɗaya, ya wurga ta ƙofar. Ya ji faɗuwarsa a daɓe.

Shebur ya tsaya.

"Ga ɗaya."

"Ɗaya ba mutum ba ne. Tsohon takalmi ne. Yalla, yi sauri, ana jiran dutse."

Tsumma mai ci da wuta ya shigo, ya sauka a kan itacen. Ƙofar ta fara rufuwa, ƙarfe yana kukan tsatsa.

Ɗaya takalmin ba ya inda ya ajiye shi.

Ya shafa dama. Toka. Ya shafa hagu. Itace. Hayaƙi ya cika masa maƙogwaro, bututun suka fara jan iska, fuuu, kamar babbar dabba ta farka.

Yatsansa ya taɓa igiya. Takalmin ya zame tsakanin sanduna, ya maƙale.

Ya ja. Ya ƙi.

Wuta ta lashi ƙafar wandonsa.

Ya ja da hannu biyu, fatar yatsunsa ta tafi tare. Ƙofar saura tafin hannu. Ya cusa takalmin ta wurin, ya tura.

Tim.

Ƙofar ta tsaya.

"Biyu."

"La haula. Da mutum. Buɗe."

Ƙofar ta wangale. Bai san yadda ya fito ba. Ya tsinci kansa kwance a daɓe yana tari, babu kowa, babu shebur, murhun duhu ɗum. Hamad ya iso da gudu irin na tsofaffi, ruwan alwala na ɗiga daga gemunsa. Ya dubi ƙonannen wandon. Ya ɗora tafinsa a jikin tukunyar injin, ya janye da sauri don zafi. Ya ce kawai, "Ɗauki takalmanka, ka sa su a waje. Mu tafi."

Ya'ƙub ya kammala digirinsa, da awon murhun rabi. In an tambaye shi, yakan ce ƙarancin iska ne a rufaffen wuri, kuma ƙwaƙwalwa takan yi haka. Yana faɗa da natsuwa, har da misalai. Abokan zamansa a Hayyin Ashir ba sa musa masa. Sun dai bar sa shi a layin masu dafa shayi, don da buta ta fara huci yake tashi ya sauke ta.