Dashen Kubla

Da hantsi Malama Husna, mai binciken tsirrai, ta shigo caji ofis idanunta jajur.

"Yallaɓai, an haƙe kubla, jan furen nan mai fitowa daga ƙasa. Bakwai suka rage mana a dajin Riruwai, har waya muka kewaye su da ita. Kwana tara ban je ba, yau babu ko ɗaya."

Sufeto Abdulmalik ya bi ta. Ramuka bakwai ya tarar a gindin wata tsohuwar bishiyar maje, mai gadin wurin, Baba Sha'aibu, na tsugune a gefe.

"Baba, wa ka gani?"

"Shanu ne, ranka ya daɗe. Makiyaya sun ratsa."

Sufeto ya zaga. Waya lafiya lau, babu sawun kofato. Kowane rami an yanke shi tsaf har da ƙasarsa, kamar yadda ake cire irin tumatir.

"Masu maganin gargajiya fa?"

"Su kan furen kawai suke tsinka," in ji Husna. "Ba sa wahalar ɗaukar ƙasa."

Sufeto ya sake duban ramukan. Wanda ya yi wannan aiki so yake furen ya rayu.

A gidan mai gadi, matarsa Iya Fatima ta amsa sallama.

"Iya, me Baba ke yi kwanan nan?"

"Jidar ruwa, ɗan nan. Safe da yamma, zuwa bayan ɗaki. Ko kaza bai yarda ta leƙa ba."

Suka zaga bayan ɗakin, Baba Sha'aibu na biye da su. Tsofaffin kwanoni bakwai ne a inuwar zana. Furannin sun yi baƙi, sun ruɓe.

Husna ta durƙusa gaban kwanonin. "Baba, kubla ba ta da saiwar kanta. Saiwar majen take tsotsa. Ranar da ka raba su ka kashe ta."

Tsohon ya dubi kwanonin.

"Ni ne. Masu haƙar kuza sun kafa turaku dab da wurin, na ce bari in riga su. Ina yaro ruwan Tiga ya ci garinmu, aka kwashe mu aka dasa a wani wuri, muka kama. Na zaci ita ma za ta kama."

Sufeto ya zaro ankwa, ya dubi siraran hannuwan nan, ya mayar da ita aljihu.

"Mu je, Baba."

A bakin mota tsohon ya waiwayo.

"Fatima, in an yi la'asar ki ba su ruwa."